Masaukin Umara: Hangen agogon Makka ba shiga Harami ba ne

Duk shekara da zarar watan Sha'aban ya kama, tallace-tallacen kujerar Umara sukan cika wayoyin jama'a a WhatsApp da Facebook. Garuruwan arewacin Zamfara ba a bar su a baya ba. Daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, daga Zurmi zuwa Dauran, akwai manoma da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da suka daɗe suna tanadi domin su ga ɗakin Allah kafin ƙarfi ya ƙare.

Kusan kowace talla tana ɗauke da alkawari guda: masauki kusa da Harami. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne sunan otal ɗin, da unguwar da yake, da tsawon lokacin da mutum zai ɗauka daga ƙofar ɗakinsa zuwa sahun sallah. A nan ne maniyyata da yawa suke yin asara, kuma sai sun sauka Makka suke ganewa, lokacin da babu sauran gyara.

Kuɗin da ake magana a kansu ba ƙanana ba ne. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta da dalar Amurka a kan riyal 3.75, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala, ta faɗi a gaban riyal. Bayan da gwamnatin tarayya ta saki naira a watan Yunin 2023, tafiya ƙasa mai tsarki ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A Hajjin 2025 kujera a jihohin Arewa ta haura naira miliyan 8. Wannan ya sa mutane da dama suka karkata ga Umara.

A yankin Zurmi da Shinkafi kuwa, tara irin waɗannan kuɗi ya fi wuya. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna hana noma a gonaki masu nisa, suna kore shanu, suna karɓar kuɗin fansa. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka kuma katse layukan waya a jihar. Mutumin Dauran da ya sayar da bijimai ko amfanin gonar shekara biyu domin wannan tafiya ba shi da rarar da zai gyara kuskure da ita.

Dalilin bambancin farashi a Makka a fili yake. Faɗaɗa masallaci da aka yi ta yi ya share tsofaffin unguwannin da ke kewaye da shi, irin su Shamiyya, inda a da mai ƙaramin ƙarfi yake samun ɗaki. A gurbinsu aka gina manyan otal-otal, kamar dogon benen nan mai agogo da aka kammala a 2012, da gine-ginen Jabal Umar. Masaukan talaka suka ja baya zuwa Misfala da Jarwal da Kudai da Aziziyya. Kowane taku da mutum ya matsa kusa da Ka'aba, farashi yana ƙaruwa, kuma a goman ƙarshe na azumi yakan ninka.

Benen agogon nan tsawonsa mita 601 ne, ana hango shi daga wurare masu nisa a cikin birnin. Shi ya sa hoton taga da agogo a bayanta ba hujja ba ce cewa otal yana kusa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna masauki da kuɗin kwana kawai. Nisa ma kuɗi ne. Motocin bas na birnin Makka, waɗanda aka fara gwajinsu kyauta a 2022, sun koma na biya a watan Nuwamban 2023 a kan riyal 4. Wanda ya ce zai je Harami kowace sallah ya dawo, zai kashe riyal 40 a rana, wato riyal 400 a kwana goma. Idan miji da mata ne, lissafi ya ninka. Wannan kuɗin bas ne. Tasi ta fi haka nesa ba kusa ba, kuma direbobi sukan tsawwala bayan tarawihi da tahajjud, lokacin da kowa yake neman mota.

Akwai otal-otal masu ba da motar kai-komo kyauta, kuma hakan taimako ne. Sai dai motar ba ta kai mutum ƙofar masallaci. A tasha take saukewa, daga nan sai tafiyar ƙafa. A ranakun cunkoso ana rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami a lokutan sallah, a wani lokacin ma masallacin ya cika kafin mai zuwa daga nesa ya iso. Ga kuma ƙasar Makka mai duwatsu: otal mai nisan mita 800 a kan hawan Ajyad zai iya fi wa tsoho wahala fiye da mai nisan kilomita ɗaya da rabi a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Duk da haka, sauka a nesa ba abin kunya ba ne, ba kuma tauye ibada ba ne. Ga matashi mai lafiya da ƙaramin guzuri, sau da yawa shi ne dabara. Zai iya fita bayan azahar, ya zauna a masallaci har isha'i, ya koma sau ɗaya. Kuɗin motarsa kaɗan ne, abin da ya rage masa kuma zai ishe shi abinci da tsaraba. Ɗakuna a Aziziyya sukan fi faɗi, abinci ya fi sauƙi. A wajen Misfala da titin Mansur ma akwai Takari, jikokin Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma da suka je da ƙafa ta Barno da Chadi da Sudan, inda mai marmarin tuwo zai samu.

Ta fuskar lada kuma, malamai sun yi saɓani kan ko ninkin sallah dubu ɗari ya taƙaita ga masallacin Ka'aba ne ko ya game dukkan iyakar Harami. Da yawa daga cikinsu sun tafi a kan cewa ya game, kuma Aziziyya tana cikin wannan iyaka. Ya kamata maniyyaci ya tambayi malaminsa tun a gida, domin kada ya ci bashi ko ya sayar da gonar gado saboda tsoron cewa sallarsa a masallacin unguwa ba ta da daraja. A lokacin Hajji ma Aziziyya tana da wata fa'ida, domin tana dab da Mina da wurin jifa.

Inda maganar ta sha bamban shi ne tsofaffi da marasa lafiya da mata masu ƙananan yara. Su ne kuma mafi yawan waɗanda 'ya'ya suke haɗa kuɗi su biya wa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ko hawan jini da aka sauke a nesa, sau da yawa takan yi ɗawafi da sa'ayi a ranar farko, sauran kwanakin ta ƙare su a ɗaki. An biya miliyoyi, amma abin da aka je nema an same shi rabi da rabi. Araha ba ta ado.

Zafin Makka ma ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura maki 51, hukumomin Saudiyya suka sanar da mutuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da rajista, suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Gaskiya ne azumi a waɗannan shekarun yana faɗowa a lokacin da zafin bai kai haka ba, amma tafiyar ƙafa da tsakar rana da azumi a baki ba ƙaramin abu ba ce ga mai shekara saba'in.

Shawarar da ta dace ga irin waɗannan iyalai ita ce a rage kwanaki, kada a ƙara nisa. Kwana bakwai a masaukin da tsoho zai iya takawa zuwa masallaci ya fi kwana goma sha huɗu a inda sai an yi jiran mota. Idan kuɗin bai kai ba, a sauya wata. Umara a wajen azumi ta fi sauƙin farashi da cunkoso. A Madina lamarin ya fi sauƙi, domin otal-otal na Markaziyya sun kewaye Masallacin Annabi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, saboda haka a Makka ne ya fi kamata a zuba ido.

Mutumin Dauran yana da wani lissafin da ejan ba ya sa wa a takarda. Kafin ya hau jirgi sai ya bi ta Ƙauran Namoda da Gusau, ya nufi Sakkwato ko Kano. Halin tsaro ya hana tafiyar dare a waɗannan hanyoyi. Idan jirgi na asuba ne, ko ya sauka da dare a dawowa, dole a kwana a birni. Wannan kwana, da na ɗan rakiya, yana cikin kuɗin tafiya, kuma gara a tanade shi tun da wuri da a jefa rai cikin haɗari domin tsimin kuɗin ɗaki.

Kafin a biya ko kwabo, akwai tambayoyin da bai kamata a ji nauyin yi ba. Mene ne sunan otal ɗin, kuma a wace unguwa yake? Mutum nawa ne a ɗaki? Akwai mota kyauta, da ƙarfe nawa take farawa da tsayawa, a ina take saukewa? Da an samu sunan, duk wani yaro mai babbar waya zai iya sa shi a Google Maps, ya zaɓi tafiyar ƙafa, ya ga mintocin da idonsa. A tabbatar amsoshin suna rubuce, a biya ta asusun kamfani, a karɓi rasit, a kuma bincika ko kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON.

Ejan ba shi da uzurin ɓoye sunan masauki. Tun watan Yunin 2025 Saudiyya ta sharɗanta cewa ba za a ba da bizar Umara ba sai an yi rajistar yarjejeniyar masauki a manhajar Nusuk Masar, a otal mai lasisi. Ke nan sunan yana nan kafin biza ta fito. Wanda ya ce "sai mun isa za ku gani", ko bai kama ɗaki ba, ko kuma akwai abin da ba ya so a gani.

Nauyin bai tsaya kan maniyyaci kaɗai ba. NAHCON, wadda doka ta kafa a 2006, ita ce ke ba kamfanonin jirgin yawo lasisi, don haka tana da ikon wajabta musu rubuta sunan otal da nisansa a kowace talla da kowace yarjejeniya, ta kuma hukunta wanda ya sauya masauki ba da yardar mai kuɗi ba. Ƙungiyar kamfanonin, AHUON, ita ma za ta amfana, domin 'yan tsirarun da ke yaudara su ne suke ɓata sunan masu gaskiya.

Hukumar alhazai ta jihar Zamfara da limaman Juma'a da gidajen rediyo su ma suna da rawar takawa. Bitar da ake yi wa maniyyata ta fi mayar da hankali ga harami da ɗawafi da sa'ayi, kuma hakan daidai ne. Sai a ƙara da darasin masauki, a kai shi har Dauran da Zurmi da Shinkafi, tun kafin mutane su sayar da dabbobinsu. Mai kuɗi kaɗan yana da 'yancin ya zaɓi nesa, amma ya zaɓa da saninsa, bayan an faɗa masa gaskiyar nisan da zai taka.