Tanderun Darby Ya Fi Gidan Sarauta Cancantar Ziyara

Duk wanda Allah ya kai shi gundumar Shropshire ta ƙasar Ingila, ba zai rasa wuraren tarihi ba. Akwai gidan sarauta mai ganuwa na Ludlow, akwai kuma kufan birnin Rumawa a Wroxeter. Amma a nawa ganin, in lokaci ya ƙure wa baƙo, gara ya bar waɗannan ya nufi kwarin Ironbridge, domin gidajen sarauta ko'ina akwai su a Turai, abin da ya faru a kwarin nan kuwa shi ya sauya zaman duniya.

A Coalbrookdale ne, cikin shekarar 1709, Abraham Darby ya yi nasarar narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace. Mai karatu zai ce, to, sai me? Ai kafin nan yawan ƙarfen da ake samu ya dogara ne ga yawan itatuwan da za a sare. Da kwal ya shigo, sai ƙarfen zubi ya wadata, ya yi araha. Abin mamaki, tukwanen girki ne Darby ya fara zubawa, ba wani babban inji ba. Ragowar tanderun nasa tana nan har yau.

Jikansa, Abraham Darby na uku, shi ya kafa gadar ƙarfe a kan kogin Severn a 1779, aka buɗe ta a 1781. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta zai ga an harhaɗa ƙarafan ne irin yadda kafintoci kan haɗa katako, saboda maginan ba su da wani misali da za su bi. An hana motoci hawanta tun 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Sai dai akwai inda nake da ja. A Blists Hill an sake gina gari irin na zamanin Sarauniya Biktoriya, da shaguna da ma'aikata cikin tufafin da. Wurin yana da ban sha'awa ƙwarai, amma tsabtarsa ta yi yawa. Ina hayaƙin da ya turnuƙe kwarin, ina kuma yaran da suka yi aiki a ramukan kwal? Sunan Darby kowa ya san shi. Leburorin da suka sha zafin wutar kuwa, sai baƙo ya tambaya kafin a ambace su.