Kalmar Turanci "Give Up" da Matsalar Kalmomi Masu Kama da Juna a Ma'ana

Daga cikin aikatau na Turanci masu haɗe da ƙaramin harafi, kaɗan ne ake yawan furtawa kamar "give up". Ƙamusoshi sukan jera "surrender", "abandon", "quit" da "relinquish" a matsayin takwarorinta. Tambayoyin neman kalma mafi kusa a ma'ana da ake yi a jarrabawar WAEC da JAMB kuma suna sa ɗalibi ya ɗauka kowacce na iya maye gurbin 'yar'uwarta. Wannan zato kuskure ne, kuma yana ɓata fassara.

Tarihi ya raba waɗannan kalmomi. "Give" tsohuwar kalma ce ta gida, amma "surrender", "abandon" da "relinquish" sun shigo ne ta hanyar Faransanci bayan mamayar Ingila a 1066. Shi ya sa suke ɗauke da nauyin harshen shari'a da mulki, ita kuwa "give up" ta zauna a bakin jama'a. Baturen da ya bar shan taba zai ce "I gave up smoking", ba zai taɓa sa "surrender" a wurin ba. Ginin jumla ma ya bambanta: wakilin suna yana shiga tsakiya ne, a ce "give it up".

Hausa tana fito da wannan bambanci sarai, domin kowace ma'ana da kalmarta. Mashayin taba dainawa yake yi. Mayaƙin da aka fi ƙarfi miƙa wuya yake yi. Likitan da ya ga cuta ta gagara fitar da rai yake yi. Yaron da ya tashi don dattijo ya zauna bar masa kujera ya yi. Wanda kacici-kacici ya gagara kuwa, inda Bature zai ce "I give up", Bahaushe cewa yake yi "na ba ka gari". Mai fassarar da ya riƙe "miƙa wuya" kaɗai zai mai da majinyaci fursunan yaƙi.

Ƙamusun Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990 sun share fage. Abin da ya rage wa sassan Hausa na jami'o'i shi ne su koyar da irin waɗannan kalmomi cikin cikakkun jumloli, tare da bayanin wanda yake faɗa da inda ake faɗa. Muhallin magana ne yake zaɓar kalma, jerin takwarori ishara ce kawai.