Kimiyya a Bakin Ruwa

A shekarar 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, ruwan Kwara ya taru ya zama tafki. Yaran Yauri da Ngaski da Shanga a bakin ruwa suke tashi, amma da yawansu haddar kimiyya suke yi daga allo. Wannan kuskure ne.

Ya kamata malami ya sa yara su ɗebo ruwan tafki a kwalba, su bar shi ya kwana. Da safe za su ga laka ta kwanta. Sa'an nan su tace shi da yashi da gawayi da ƙyalle. Ko ya yi garau, ba a sha sai an tafasa, gama ƙwayoyin cuta ba su ganuwa. Yaron da ya gwada wannan da hannunsa ba zai bar ƙanensa ya sha ɗanyen ruwa ba.