A Ba Mu Bango Ɗaya Don Fastocin Manyan Gasanni



Da wuya a buɗe jakar ɗalibi a makarantar nan ba a ga hoton ɗan ƙwallo ba. Da kuɗin tara muke sayen su, bayan kwana biyu su yage, ko malami ya ƙwace saboda ana kallo lokacin darasi. Gaskiya malamanmu ba su yi laifi ba. Amma tunda son tara hotunan ya riga ya kama mu, a ganinmu gara a juya shi zuwa inda zai amfane mu. Shawararmu ita ce mu koma tara fastocin hukuma na manyan gasannin duniya, makaranta kuma ta ba mu bango ɗaya a laburare mu jera su.

Fostar hukuma daban take da hoton da ake sayarwa a bakin kasuwa. Ita ce wadda masu shirya gasa ke sa gwanin zane ya zana, don ta nuna wa duniya ƙasar da ta karɓi baƙunci. Saboda haka kowace fosta tana ɗauke da labari.

Ga misali. Gasar cin kofin duniya ta farko an yi ta a Yurugwai a 1930, ƙasashe 13 ne kawai suka buga. Guillermo Laborde ne ya zana fostarta, mai tsaron gida ya miƙe iya tsawonsa yana cafke ƙwallo. A 1982 Sifaniya ta ba wa shahararren mai zanenta Joan Miró aikin. A 2010, karo na farko da aka yi gasar a nahiyarmu, a Afirka ta Kudu, an zana kan mutum yana shirin sa wa ƙwallo kai, kan da wuyan suka ba da siffar taswirar Afirka. Rasha kuwa a 2018 ta sa Lev Yashin, golan da ya ci kyautar Ballon d'Or a 1963, wanda har yau babu wani mai tsaron gida da ya sake cin ta. Ta Katar a 2022 mace ce ta zana, Bouthayna Al Muftah, da baƙi da fari, ana cilla mayafin kai na mazan Larabawa sama don murna.

Duk ɗalibin da ya tsaya gaban waɗannan guda biyar ya zagaya nahiya huɗu bai biya kuɗin mota ba. Zai nemi Yurugwai a taswira, zai tambayi dalilin da ya sa aka buga ta Katar a Nuwamba da Disamba, a ce masa saboda zafi. Ashe ga tarihi, ga labarin ƙasa, ga darasin zane a bango ɗaya.

Abin da ya fi damun mu shi ne namu na gida. Najeriya ta karɓi wasannin Afirka a Legas a 1973, da Abuja a 2003. Ta karɓi kofin Afirka a 1980 ta kuma cinye. A 1999 an yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a nan, a 2009 aka yi ta 'yan ƙasa da 17, kuma duka biyun an buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi. Iyayenmu da yayyenmu sun gani da idonsu. To ina fastocin? Mu dai ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba. Takarda ba ta jiran kowa: gara ta ci, damina ta jiƙa, ko a ƙunsa ƙosai da ita. In ba mu nema yanzu ba, nan gaba ko an nema ba za a samu ba.

Wani zai ce ina muka ga kuɗi? Ba sai ta asali ba. Za mu iya yin karo-karo a buga mana kwafi a shagon kwamfuta, a rufe da leda, a rubuta a ƙasa cewa kwafi ne, tare da shekara da ƙasa da sunan mai zane. Wani kuma zai ce wasa zai cinye karatu. Ai shi ya sa muka ce laburare, lokacin tara ko bayan tashi, ba cikin aji ba. Kuma malamin zane ne zai duba kowace fosta kafin a liƙa, wadda ba ta dace da tarbiyyarmu ba a ajiye ta gefe.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu bangon. 'Yan'uwa ɗalibai, in mun koma gida yau mu tambayi Baba ko Kawu ko akwai tsohuwar fostar 1999 ko 2009 a akwati ko a shago. Wanda ya samu ya kawo wa kulob ɗin 'yan jarida ranar Litinin. Za mu ɗauki kwafi, mu mayar wa mai ita abarsa lafiya lau.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare