RA'AYI: Gwarazan Amurka sun gaji, 'yan katun sun karɓe fage, ina namu?

A garin Gombe, yawancin fina-finan da duniya ke yayi ba ta ƙofar silima suke shigowa ba. Ta waya suke zuwa. Matashi ya tsaya a shagon masu tura fina-finai a Jekadafari ko Pantami ko Bolari, ya miƙa 'yan canjinsa a cika masa memori, ya koma gida ya kalla tare da ƙannensa. Irin wannan ɗan kallo yana da wani adalci da masu sharhin manyan jaridu ba su da shi. Talla ba ta isa gare shi ba, bai yanki tikiti mai tsada ba balle ya lallashi kansa cewa fim ya yi daɗi. In fim ya gundure shi, gogewa yake yi ya sami wurin zuba wani.

Ni ma a sahun waɗannan 'yan kallo nake, kuma hukuncina a kan abin da ya fito cikin 'yan shekarun nan shi ne: fina-finan gwaraza masu tashi sama sun gaji, fina-finan zane, wato katun, su ne ke ba da labarin da ke zama a zuciya. Wannan hukunci bai tsaya a hirar bakin shago ba. Akwai darasi a cikinsa ga Arewa, kuma masu riƙe da alƙalamin gwamnati a Abuja ne ya fi kamata su ji shi.

Mu fara da gwarazan. Tun daga Iron Man na 2008, kamfanin Marvel ya saki fina-finai fiye da 35 da ke sarƙe da juna, ban da masu dogon zango. Abin ya kai ƙololuwa a 2019 da Avengers: Endgame, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. Daga nan tafiyar ta fara tangal-tangal. Yanzu kafin mutum ya fahimci sabon fim, sai ya kalli tsofaffi huɗu ko biyar, kamar ɗalibin da ke bitar jarrabawa. Ma'aikacin da ya wuni a kan fayil ba ya neman aikin gida a wurin hutawa. Shi ya sa The Marvels na 2023 ya tashi da abin da bai wuce dala miliyan 206 ba, mafi ƙaranci a tarihin jerin.

Babbar cutar kuwa ita ce mutuwa ta daina kashewa. Wolverine ya mutu a Logan a 2017, mutuwar da ta sa 'yan kallo hawaye, sai ga shi ya dawo garau a 2024 da hujjar cewa daga wata duniyar aka ɗauko shi. Iron Man ya ba da ransa a 2019, sai aka sanar a 2024 cewa mai taka rawar, Robert Downey Jr., zai dawo a matsayin mugu. Bahaushe ya san cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ɗan kallo ya gane ba wanda zai yi asarar da ba ta dawowa, to jarumta ta zama wasan yara. A rushe birni guda a majigi, zuciyarsa ba za ta ko motsa ba.

Black Panther na 2018 ne ya fita zakka, domin rigimarsa ta gida ce: gadon sarauta, ɗan uwan da aka yasar a ƙasar waje, da laifin uba da ya biyo ɗa. Duk wanda ya tashi a garin da ke da fada ya san wannan labari tun kafin a ɗauke shi. Na biyunsa, Wakanda Forever na 2022, ya yi nauyi saboda makokinsa na gaske ne, tunda Chadwick Boseman ya rasu a 2020. Amma mu tuna inda yankinmu ya fito a fim na farko. Tun a farkonsa an nuna Dajin Sambisa, da 'yan bindiga, da matan da aka sace a bayan mota. Mutanen duniya sun biya fiye da dala biliyan 1.3 sun kalli wannan fim, kuma abin da suka gani na Arewa maso Gabas ke nan. Ba ƙarya aka yi mana ba, abin ya faru. Sai dai wanda bai ba da labarinsa da bakinsa ba, dole ya haƙura da guntun da wani ya ga dama ya faɗa.

Su kuwa 'yan katun, ƙaramin abu suke ɗauka su riƙe shi da kyau. Inside Out 2 na 2024 labarin yarinya ce mai shekara 13 da fargaba ta mamaye tunaninta a lokacin da take neman shiga sabbin ƙawaye. Ba wanda ya ceci duniya a ciki, amma ya tara kusan dala biliyan 1.7, ya zarce kowane fim na shekarar, har da Deadpool & Wolverine. Uban da 'yarsa ke shirin jarrabawar fita sakandare zai gane fuskar gidansa a ciki. The Wild Robot, shi ma na 2024, mutum-mutumi ne da ƙaddara ta ɗora wa riƙon marayan tsuntsu. Al'ummar da rikicin shekaru ya bar wa dubban marayu ba ta buƙatar a fassara mata ma'anarsa.

Misalai biyu sun fi tsaya mini a rai. Na farko Ne Zha 2 na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2025 ya tara fiye da dala biliyan 2, ya zama fim ɗin zane mafi samun kuɗi a tarihi. Daga tsohuwar almarar Sinawa aka ɗebo shi, da harshensu aka yi shi, kuma mafi yawan kuɗin a gida ya samo su. Na biyu Flow na ƙasar Latbiya, labarin kyanwa a cikin ambaliya, ba kalma ɗaya ta mutum a ciki. Da manhajar Blender aka zana shi, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, kuma a watan Maris na 2025 ya lashe kyautar Oscar, ya kayar da Disney da DreamWorks. Mutanen Latbiya duka ba su kai miliyan 2 ba. Jihar Gombe ta haura miliyan 2.3 tun a ƙidayar 2006.

A gida Najeriya ma an fara motsi. Lady Buckit and the Motley Mopsters ya shiga silima a ƙarshen 2020. Iwájú, haɗin gwiwar Kugali da Disney, ya fito a Fabrairun 2024 da Legas ta nan gaba. Iyanu na Roye Okupe ya biyo baya a 2025, a kan al'adun Yarabawa. Shi dai Okupe ɗin ne ya ƙirƙiri Malika, jarumar da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ba abin ƙorafi ba ne, sun yi aiki sun ci gumin goshinsu. Abin tambaya shi ne me ya hana mu, mu da tarihin yake a tsakar gidanmu. Adamu Waziri ya nuna ana iyawa tun da ya fito da Bino and Fino daga Abuja, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba labari muka rasa ba. Tun a 1934 Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, gwarzon da ya kara da Turawa, ya kuma shiga duniyar aljanu, shekara huɗu kafin Superman ya fara bayyana a Amurka. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Umaru Dembo ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Ga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ga Gizo da Ƙoƙi da kowace kaka ta haddace, ga littattafan yaƙi na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasa ke karantawa har su yage.

Gombe ita kaɗai rumbu ce. Akwai Modibbo Bubayero da kafuwar masarauta a farkon ƙarni na 19. Akwai ƙaurar hedikwata daga Gombe Abba zuwa Nafada, sannan zuwa inda garin yake a yau a 1919. Akwai Bormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya tsaya da jama'arsa a ranar 27 ga Yulin 1903, ya kwanta dama a fagen fama, kwamandan Turawa Manjo Marsh ma ya rasa ransa a wannan rana. Wannan mutuwa ce da ba ta dawowa, kuma shi ya sa take da nauyin da fina-finan Marvel suka rasa. Ga Dutsen Bima da labaransa, ga tsaunukan Tula, ga tatsuniyoyin Tangale da Tera da Waja da Bolewa da Fulani. Yaron da ke Tudun Wada ya san sunan guduma da garkuwar gwarazan Amurka, amma da wuya ya gaya maka a wace ƙaramar hukuma Bormi take.

Me ya sa zane, ba fim na 'yan wasa ba? Domin shi ne ƙofar da ta fi dacewa da aljihunmu da kuma al'adarmu. Furodusan Kannywood ba zai iya tara dawaki ɗari biyar da gina ganuwa don ya ɗauki yaƙin Bormi ba, amma mai zane zai iya a ɗaki guda da kwamfuta da haƙuri. Ƙorafin da aka daɗe ana yi a kan rawa da cakuɗuwar maza da mata a wurin ɗaukar fim ba ya tasowa a nan. Muryoyi kuma muna da su. Masu fassarar fina-finan Indiya, irin su Algaita, sun shafe shekaru suna ɗora Hausa a bakin baƙi, har ta kai wasu na neman fim saboda mai fassarar, ba saboda jarumin ba. Gwanintar da ake kashewa a kan hajar wasu, in ta sami tata, sai ta fi haka armashi.

Za a ce akwai maganar addini a kan zana mai rai. Magana ce ta malamai, kuma a gabansu ya kamata a fara ajiye ta. Sai dai yana da kyau a dubi yadda wasu ƙasashen Musulmi suka yi. Maleshiya na fitar da Upin & Ipin tun 2007, labarin tagwaye marayu da aka fara da koya wa yara azumi. A Dubai aka yi fim ɗin Bilal a 2015. A Pakistan an yi Burka Avenger a 2013, malamar makaranta mai yaƙar masu rufe makarantun 'yan mata da littafi da alƙalami. Saudiyya ta haɗa hannu da kamfanin Toei na Japan ta fitar da The Journey a 2021, a kan harin Abrahata. Darasin 2016 ma yana nan, lokacin da aka soke shirin gina dandalin fim na naira biliyan 3 a Kofa ta Jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. An sanar kafin a yi shawara, aka yi biyu babu.

Za a kuma ce ana fama da tsadar abinci da yaran da ba sa zuwa makaranta, ina ake ta katun? Amsar ita ce yaran suna kallo ko mun yi ko ba mu yi ba. Waya ta riga ta shiga kowane gida, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zaɓin da ya rage shi ne da muryar wa za a yi musu magana. Ban da haka sana'a ce: fim ɗaya na buƙatar marubuci, mai zane, mai motsa zane, mai murya, mai kiɗa da mai tacewa, kuma ana iya yi wa kamfanin waje aiki daga Tumfure in akwai wuta da intanet.

A nan ne maganar ta zo kan teburin mai karatu. Kayan aikin suna nan a warwatse. Akwai shirin iDICE na fiye da dala miliyan 600 da aka ƙaddamar a 2023 a ƙarƙashin Bankin Masana'antu. Akwai shirin 3MTT, wanda koyar da motsa zane ke cikin darussansa. Akwai Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da makarantarta a Jos, wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun Janairun 2024, mutumin da mahaifinsa ɗan Balanga ne a Jihar Gombe. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗinke su wuri guda.

Abu uku nake roƙon duk mai rubuta takardar shawara ga minista ko babban sakatare ya sa a ciki. Na ɗaya, a ware kaso bayyananne ga gajerun fina-finan zane a harsunan gida, a biya bisa aikin da aka kammala, ba bisa taron bita da kuɗin zama ba. Na biyu, a samar da mai saye: NTA da hukumar ilimin bai-ɗaya su ɗauki alkawarin sayen adadin mintuna duk shekara, domin mai zane ba ya rayuwa da yabo. Na uku, kada a fara da katafaren gini. Ɗaki ɗaya a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, da wutar sola, da kwamfutoci masu ƙarfi, da malamai biyu da suka san aikin, ya isa a ga sakamako cikin shekara biyu. A kuma zauna da malamai da fadar sarki tun kafin a buɗe ƙofa.

Hollywood za ta gyara gwarazanta ko ta bar su, wannan matsalarta ce. Tamu ita ce yaran da aka haifa a bana za su kai shekarun kallo nan da shekara biyar, kuma wani zai zana musu jarumi. In ba mu ɗauki alƙalamin ba, za su sake ganin yankinsu a majigi kamar yadda aka saba nuna shi: daji, dare, da mutanen da ke jiran baƙo ya sauko daga sama ya cece su.