Me Ke Sa Karatu Ya Zauna a Kai?

Kowane malami ya san yaron nan. Ran Litinin ya haddace lissafin sau bakwai tsaf, ran Juma'a kuwa sai sosa ƙeya. Mu ma mun sha kiran irinsa malalaci. Amma bari mu leƙa cikin kai tukuna.

A cikin ƙwaƙwalwa, daura da kunnuwa, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, ɗaya dama ɗaya hagu, ana ce da shi hifokamfas. A 1953 wani likita a Amurka ya cire wa Henry Molaison yawancinsa saboda farfaɗiya. Ciwon ya yi sauƙi, amma har rasuwarsa a 2008 in ya sadu da baƙo, jim kaɗan ya manta.

Ƙwayoyin jijiya na wurin suna miƙa wa juna saƙo a mahaɗarsu. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka bayyana gwajinsu da zomaye a Oslo: in saƙo ya bi mahaɗa da sauri a jere, sai ta ƙara ƙarfi, ta kuma daɗe haka sa'o'i.

Wa ke ƙarfafa ta? Waɗansu furotin ne da ake kira kinas. Aikinsu liƙa ɗigon fosfet a jikin wani furotin, kamar akawu yana buga hatimi. Sa'ad da saƙo ya yi yawa, kalsiyam yakan kwarara cikin ƙwayar, ya ta da wani kinas mai suna CaMKII. Shi kuwa, abin mamaki, har kansa yake buga wa hatimin, watau ya ci gaba da aiki bayan kalsiyam ya janye. Ta haka ƙofofin karɓar saƙo suke ƙaruwa. A 1992 aka ga ɓerayen da ba su da shi suna shan wuyar koyon inda dandamali yake ɓoye cikin ruwa.

Sai dai hatimin ba ya dawwama, gama akwai masu goge shi. Kafin abu ya kwana biyu a kai, sai wani kinas, PKA, ya kai saƙo tsakiyar ƙwayar a ƙera sabon furotin. Maimaitawa da hutu a tsakani ta fi ta da wannan aiki bisa ga zama guda mai tsawo.

Don haka yanzu a ajinmu sau bakwai ɗin nan mukan taɓa shi Litinin, Laraba da Juma'a, minti goma goma. Iyaye masu kunna wa yaro fitila har tsakar dare ran jajiberen jarrabawa, muna roƙo ku raba masa karatun tun mako biyu kafin ranar.