Ra'ayin Mujalla: Wane Littafi Za Mu Kai Gida?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, in an tambayi ɗayanmu ya lissafo ƙagaggun labaran Hausa, nan da nan zai ambaci Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga nan sai harshe ya sarƙe. Waɗannan kuwa gasar 1933 ce ta haife su a Zariya. Girmamawarmu gare su ba ta raguwa, amma adabin da ya tsaya kan kakanni kaɗai ya kama hanyar mutuwa. Saboda haka mujallar nan ta ga ya kamata ta nuna wa masu shiga laburare abin da aka rubuta daga baya.

A fara da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980, labarin Boɗaɗo, yarinyar Fulani da ta dage kan zaɓin zuciyarta. Matashin ma'aikaci kuma ya nemi Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, domin ya ga yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke lalata gari. Ƙarfinsa shi ne bai yi wa masu kuɗi kara ba. A shekarar ce kuma Bature Gagare ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, mai zafi, mai zubar da jini, wanda ba na yara ba ne.

Wanda muka fi ɗora wa nauyi shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta koma neman ilmi har ta tsaya da ƙafafunta. Wa'azi ya ɗan yi yawa a wasu shafuka, amma wane gari ne tsakanin Tambuwal da Kebbe bai san irin Abu ba? Wani littafin marubuciyar, Alhaki Kuykuyo Ne, an buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya a 2012. Abin kunya ne baƙo ya riga mu sanin darajar namu.

Mai karatu da Turanci ya duba Born on a Tuesday na Elnathan John, na 2015, labarin almajiri Ɗantala, wanda yawancinsa a Sakkwato ya faru.

Abin da ke damunmu shi ne yawancin littattafan da ake bugawa a Kano takardarsu ba ta da ƙwari, in sun ƙare a kasuwa kuma ba lalle a sake buga su ba. Wanda laburare bai adana ba, gara da damina za su gama da shi. Muna roƙon hukumomin laburare su saya su ajiye, masana kuma su yi musu sharhi na adalci maimakon raini. Mu kuwa, in hutu ya zo, kowa ya sa littafi ɗaya a jaka, ya miƙa wa ƙanwarsa a Fakku ko Tambuwal, ta karanta wa na cikin gida. Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya sa mu dace, amin.